Raket Mara Nauyi Domin Talatu

Asabar, 10 ga Oktoba, 1964. Da hantsi.

Shekaruna sittin da uku, kuma ba na neman tausayin kowa. Na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, na koyi boko ina da shekara ashirin da tara, lokacin da sa'o'ina ke jin kunyar riƙe alli, na koyar da 'yan mata shekara ashirin da shida a Katsina, sannan na dawo Dutsin-Ma, gidan da na gina da gumina. Mijina ya rasu, Allah bai bar mini ɗa ba, ban kuwa taɓa kai kukana ƙofar wani ba. Saboda haka masu shigowa tun shekaranjiya suna cewa "Sannu, Malama Rahamatu" su riƙe sannunsu. Ba ni ce ke kwance ba.

Abin da ke gabana aiki ne, kuma zan yi shi a tsanake: zaɓen sabon raket domin Talatu.

Mutanen gari suna kiran abin da muke yi wasan gashin kaza. Sunansa badminton. Wata Baturiya da muka yi aiki tare ta koya mana shi a farfajiyar makaranta, shekara talatin ke nan, kuma tun daga ranar ni da Talatu gefe ɗaya muke. Ita a gaba kusa da raga, ni a baya. Da muka bar aiki ta koma Kurfi gidan ɗanta Manu, amma duk Laraba takan biyo motar kasuwa ta kwana a wurina, ranar Alhamis bayan la'asar mu ɗaure raga a tsakar gidana, inda katanga ke tare iska da idon maza. Abokan karawarmu Lauratu ungozoma da Sa'adiya, ƙaramar malamar firamare.

Ranar Alhamis raket ya faɗi daga hannun Talatu. Manu ya zo ya tafi da ita. Raket ɗin ne ya yi mata nauyi; na daɗe ina gaya mata.

Litinin, 12 ga Oktoba. Bayan azahar.

Na aika aka kira Abdulƙadir direba, wanda ke zuwa Kano ɗauko kayan kanti. Na rubuta masa abin da nake so a takarda, na kuma karanta masa sau biyu: raket uku iri daban-daban, in gwada, in zaɓi ɗaya, ya mayar da biyu. Ya jujjuya takardar ya ce, "Gwaggo Malama, ashe abin nan iri-iri ne? Ni na ɗauka duk matankaɗi ne mai dogon hannu."

Na ce, "Kai ma motarka na ɗauka duk akwatin kaji ce mai ƙafa huɗu, amma ban taɓa faɗa maka ba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce jiya ya bi ta Kurfi, ko ina so in ji yadda jikin Talatu yake. Na ce abin da nake so yana cikin takardar.

Alhamis, 15 ga Oktoba. La'asar.

Ba a ɗaure raga ba. Na share filin duk da haka.

Asabar, 17 ga Oktoba. Da hantsi.

Raket ukun sun iso, naɗe cikin buhu kamar rake. Na kai su gidan waya da kaina, akawu ya ɗora mini su a ma'aunin wasiƙu, yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya.

Na farko katako ne tun daga kai har mariƙi, oza biyar da rabi. Nauyinsa a kai yake. In ka ɗora shi a yatsa sai ya rinjaya gaba. Wannan na mai tsayawa a baya ne, wadda aikinta ta ɗaga ƙwallon har ƙarshen fili ko ta kwaɗo shi ƙasa. Irin nawa ke nan. Ba na Talatu ba ne.

Na biyu oza biyar da kwata, nauyinsa a tsakiya, tsarkiyarsa ta roba ce, wadda aka ce ba ta tsinkewa. Na buga shi a tafin hannuna, ƙararsa ta mutu. Abin da ya dace da kowa bai dace da kowa ba.

Na uku sabon yayi ne: kansa katako, wuyansa siririn ƙarfe, tsarkiyarsa jijiya. Oza biyar ba kwata. Nauyinsa yana wajen mariƙi, saboda haka kan yana juyawa kafin ka gama tunani. Mai tsayawa a gaba ba ƙarfi take bukata ba, sauri take bukata, da wuyan hannu mai laushi, ta taɓa ƙwallon ya hau raga ya faɗo can gefe kamar ɗan tsako. Talatu ta fi kowa iya wannan. Baturiyar ma ta shaida.

Tsohon nata oza shida ne. Shida! Ga mace mai shekara sittin. Wa zai yi mamaki don ya faɗi?

Lahadi, 18 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Lauratu ta shigo ta same ni ina ɗora su a yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna ba ta cire mayafi ba.

"Yaya Malama, na je Kurfi jiya."

Na ce Allah Ya ba da lada.

"Kowa ya je dubiya. Har matar mai unguwa, wadda ba ta taɓa yi mata magana ba. Ke kaɗai aka rasa. Zumunta fa a ƙafa take."

Na ce na san karin maganar tun kafin a yanke mata cibiya. Na miƙa mata na ukun na ce ta ji rashin nauyinsa. Ba ta karɓa ba.

"Yaya, ni ma'aikaciyar asibiti ce. Hannun nan na dama—"

Na ce mata shayinta yana hucewa.

Ta tashi. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Ko auduga kika saka mata, Yaya." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

Talata, 20 ga Oktoba. Da safe.

Mariƙin na ukun ya yi wa hannun Talatu kauri. Yatsunta sirara ne, irin na mutanenta, Fulanin Barkiya. Na kai wa Lado baduku ya warware fatar Turawa, ya kankare katakon kaɗan, ya naɗe shi da jar fatar akuya mai laushi, gefen da ba ya santsi a waje. Ya tambaye ni awon hannun mai shi. Na rufe idona na nuna masa da nawa. Shekara talatin ina ganin hannun nan daga baya.

Ya yi aiki mai kyau. Yanzu ko yaro zai iya riƙe shi.

Alhamis, 22 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Kuskurena ne da na yarda. Sa'adiya ta zo da wata ƙawarta malama, Lauratu ta ce mu ɗan taɓa, ko don a gwada sabon raket. Aka sa Sa'adiya a gabana da shi a hannunta.

Yarinyar tana da ƙafa, ba ta da kunne. Ni da Talatu ba mu taɓa cewa "nawa ne" ko "naki ne" ba. In ta sunkuyar da kafaɗar hagu na san ta bar mini, in na ja numfashi ta san ina tafe. Wannan kuwa duk ƙwallon da ya taso nata ne. Sau biyu raket ɗinmu ya haɗu a tsakiya. A na biyun ta ce, "Gwaggo, ko ke za ki dawo gaba ki huta, ni in riƙe baya? Ga mara nauyin ma ya dace da ke."

Na karɓi raket ɗin daga hannunta, na goge mariƙin da gefen zanena, na ce an gama. Ba laifinta ba ne. Gaba ba wurin hutawa ba ne, amma wa zai gaya mata?

Juma'a, 23 ga Oktoba. Da hantsi.

Na mayar wa Abdulƙadir biyu. Na ukun na sa shi cikin katakon matsewa don kada ya karkace, na naɗe da sabon ƙyalle, na ba shi ya kai Kurfi. Na haɗa da 'yar takarda: "Oza biyar ba kwata. Ba ki da sauran hujja. Sai Laraba."

Ya ce, "Gwaggo, akwai wuri a gaban mota."

Na ce ina da aiki.

Litinin, 26 ga Oktoba. Azahar.

Abdulƙadir ya dawo da raket ɗin. Ba a ko kwance ƙyallen ba.

Akwai wasiƙa daga Manu, da rubutunsa na malamin gona, duk ya hau kan layi. Ya gaishe ni da ladabi. Ya ce Inna ta ji saƙo. Ya ce Inna ba ta cin abinci. In matarsa Hawwa'u ta kawo loma bakinta sai ta juya fuska. In aka ajiye mata kwano kusa da hannun da ke motsi sai ta ture shi. Ruwa kawai take sha, da ɗan nono in babu kowa a ɗakin. Liman ya zo ya gaya mata larura tana halatta ci da hagu. Ta ce ta sani. Kwana goma sha takwas ke nan.

Ya rufe da cewa, "Ba ta ambaci sunanki ba, amma duk motar da ta tsaya sai ta dubi ƙofa."

Tsarkiya ɗaya ta ɗan saki a hanya. Na gyara ta.

Talata, 27 ga Oktoba. Bayan asuba.

Wataƙila da na zaɓi na biyun.

Laraba, 28 ga Oktoba. La'asar.

Motar kasuwa ta zo ta koma. Na dafa tuwon mutum biyu bisa sabo. Na aika wa maƙwabta.

Alhamis, 29 ga Oktoba. La'asar.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba kuwa zan sake karanta shi ba.

Ranar da raket ya faɗi, muna da goma sha uku, su Lauratu goma sha biyu, a sha biyar ake tashi. Tun kafin nan Talatu ta ce mini kanta yana sara, hannunta kamar ba nata ba. Ta ce, "Kaɗo, mu tsaya haka." Kaɗo take kirana, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, tun farkon haɗuwarmu a wurin aiki, ni kuma in ce mata 'yar nagge, wato 'yar saniya. Mace mai fulako irin tata, wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, ta buɗe baki ta ce mu tsaya. Ni kuwa na ce saura biyu, ragwanci ne, ta bar shagwaɓa. Mako uku su Lauratu suna cin mu, ban so a yi na huɗu.

Da raket ɗin ya faɗi, ban dubi fuskarta ba, don a baya nake. Na ce, "Ɗauki abinki mana." Sau biyu na faɗa. Lauratu ce ta gani daga can gefen raga, ta yar da nata ta rugo.

Lauratu ta ce ko an tsaya ko ba a tsaya ba, abin da zai zo zai zo. Ita ta san asibiti. Ni na san abin da na ce.

Asabar, 31 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Na je.

Hanyar Kurfi duk dammunan gero ne a kan jakuna, dawa ta sunkuya tana jiran lauje. Shekara ce mai albarka, kowa ya faɗa. Na riƙe raket ɗin a cinyata har muka isa. Ban san dalilin da ya sa na tafi da shi ba, sai dai hannuna ya ƙi zuwa wofi.

Hawwa'u ta tare ni a tsakar gida, ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Inna Malama. Wallahi mun gaji da roƙo. Mi za mu yi? Ko ɗiyata ta shiga da kwano sai ta rufe ido."

An saki asabari a ƙofar ɗakin. Na yi sallama. Na sake. Sai wata murya ta fito, mai nauyi, kamar ana magana da ruwa a baki. Hawwa'u ta dube ni don ba ta gane ba. Ni na gane.

"Koma gida, Kaɗo."

Na ce, "Na biya mota, 'yar nagge, ba zan koma ban ga abin da na zo gani ba." Na ɗaga asabarin na shiga.

Ba zan kwatanta ta ba. Zan ce kawai munduwar da ta shekara ashirin ba ta fita ba, yanzu tana yawo har gwiwar hannu. Ta ja mayafi da hagu ta rufe gefen bakinta.

Na zauna. Na yi maganar hanya, da dawa, da Sa'adiya da ke son ta mayar da ni gaba. A nan idonta ya motsa. Sai na kwance ƙyallen. Na ɗaga hannunta na dama, na sa mariƙin a ciki, na naɗe yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya. Awon ya yi daidai, Lado bai yi kuskure ba. Na saki. Ya zame ya faɗi a tabarma.

Oza biyar ba kwata.

Na ɗauka, na ce akwai masu buga wasan nan da hagu, na taɓa gani a hoto. Na miƙa wa ɗaya hannun. Ta karɓa. Ta jujjuya shi sau ɗaya, wuyan hannun yana neman abin da bai taɓa koya ba. Sannan ta jefa shi, ya bugi bango.

Ta ce, "Hannun tsarki." Ta huta, ta tattaro sauran maganar. "Da shi zan ci, jikokina na kallo? Ko a ɗura mini kamar ɗan maraƙi?"

Na ce mata hukuncin a fili yake, na kawo mata abin da malamai suka ce, da Larabcinsa. Ta bar ni na gama, ta ce, "Kin iya karatu."

Na so in ce wani abu game da ranar Alhamis ɗin nan. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko tana so a buɗe taga.

Lahadi, 1 ga Nuwamba. Da hantsi.

Kan raket ɗin ya tsage a gefe. Ba ya gyaruwa.

Litinin, 2 ga Nuwamba. Bayan azahar.

Lauratu ta ce jiki irin wannan, in ba ci, ba ya wuce makonni. Ta faɗe shi ba kwana-kwana, na kuma gode mata.

Na shekara ashirin da shida ina gaya wa yara abin da ya kamata su yi, suna yi. Mako uku na ɓata ina auna katako. Ban san abin da ake gaya wa mace da ta gwammace kabari da a gan ta tana kai hagu baki ba, domin da ni ce, abin da zan zaɓa ke nan. Shi ya sa ba ta ji maganata ba. Ta san ni.

Talata, 3 ga Nuwamba. La'asar.

Na kulle ƙofa na gwada ci da hagu. Tuwon ya ƙi mulmuluwa, miya ta bi gwiwar hannuna. Na yi istigfari, na sake gwadawa.

Alhamis, 5 ga Nuwamba. Kurfi, bayan la'asar.

Jiya na biyo motar Abdulƙadir. Yau da azahar na ce wa Hawwa'u ta kawo tuwo kwano ɗaya, ta naɗe asabarin sama, kada ta kori kowa. Akwai maƙwabta mata uku a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, da jikoki, da Manu da ya dawo daga gona.

Na zauna a gaban Talatu, inda za ta gan ni, ba a bayanta ba. Na sa Hawwa'u ta ɗaure mini hannun dama a jikina da ɗankwali. Ta yi ta cewa "Inna Malama, don Allah," na ce ta ƙara tamkewa. Na yi bisimilla, na sa hagu a kwano.

Ɓarar gyaɗar ta tsaya. Wata ta ce "La'ilaha," wata ta ce ashe boko haka yake ƙarewa da mutum. Ƙaramar jikar ta ce, "Kaka Malama na ci da hannun Shaiɗan!" aka doke mata baki. Na san hukuncin fiye da duk wanda ke gidan, na san ni ba ni da larura. Wanda zai tambaye ni Ya san dalili. Loma ta farko ta faɗi a cinyata. Ta biyu ta isa, rabinta. Miyar kuka ta zubo mini a haɓa, ba ni da hannun gogewa, na bar ta. Ban taɓa sanin tuwo yana da tsawo haka ba.

Talatu tana kallo. Can ta saki mayafin da ta rufe bakinta da shi, ta ce, "Ƙazama." Na ce na gode. Ta ce, "Kin ɓata zane." Na ce nawa ne.

A nan, da bakina cike, a gaban matan unguwa, na ce mata, "Kin ce mu tsaya, na ƙi." Ta ce, "Da mun ci su." Ban san ko yafewa ce ba, ban kuma tambaya ba.

Na tura kwanon kusa da hannunta. Yatsun sun taɓa bakinsa, suka tsaya a nan. Ba ta ci ba. Ta juya fuska bango. Ba na yaudarar kaina. Lauratu ta san aikinta, kuma na zo a makare.

Manu ya ce in shirya kada mota ta bar ni. Na gaya masa abin da na riga na yi tun jiya da safe. Na kwance turakun raga na ba Sa'adiya, da ragar, da raket ɗina, ta kai wa 'yan matan ajinta. Na ba Lauratu kajina. Na kulle gidana na Dutsin-Ma, mabuɗin yana hannun mai unguwa, akwatina kuwa Abdulƙadir ya sauke shi a zauren nan tun jiya, ba wanda ya lura. Ni da ban taɓa kwana biyu a ƙarƙashin rufin wani ba, na shimfiɗa tabarmata a ɗakin Talatu. Sau uku ake ci a gidan nan, kuma da hagu zan ci, a gabanta, har ta sa hannu ko a fitar da ita.

Motar ta tashi ɗazu. Na ji ƙararta har ta ɓace.